Neman Kanwa a Ƙasar Masar

Abu na farko da ƙasar Masar ta karɓa daga hannuna shi ne kanwata. Ko ƙofar fita daga filin jirgi ban kai ba, wani ma'aikaci mai gashin baki ya nuna akwatina, ya nuna tebur. Na ɗora. Ya zuge, ya ɗaga zannuwan goyo, sai ga ƙullin leda. Kanwa ce ungurnu mai kyau, wadda na zaɓa da hannuna a kasuwar Shuwarin wajen wani Bahaɗeje da muka daɗe muna ciniki. Dunƙule-dunƙule take, fara mai ɗan ja a gefe, tana ƙyalli kamar an barbaɗa mata fasasshen gilashi. Ya ɗaga ta saitin fitila yana juyawa. Ya kira wani, wanin ma ya kira wani. Suna ta jero min tambayoyi, ni kuwa Larabcina na salla ne da na gaisuwa. Na nuna bakina, na kwatanta tuƙa tuwo. Da na ga ba su gane ba, sai na ɓantari kaɗan na lasa, don su ga ba guba ba ce. Ashe ƙara ɓata lamarin na yi. Suka kalli juna, aka wuce da ledar ciki.

Ban ga laifinsu ba. Wanda bai san kanwa ba, in ya ga tsohuwa tana lasar dutse, dole ya yi tunani. Mai gashin bakin ya ci gaba da bincike har ya kai ga robar daddawa. Yana buɗewa ya ja da baya, ya rufe da sauri, ya yi min alama da hannu in tafi, in tafi. Albarkacin daddawa garin ɗanwakena da kukata da yajina suka tsira.

Abin da ya kai ni ƙasar, 'yata ta fari ce ta haihu. Uwani muke ce mata, don sunan mahaifiyata ta ci. Mijinta Malam Sabi'u, ɗan gidan malamai ne a Jahun, karatun addini ya kai shi birnin Alƙahira, ya tafi da ita. Da a gida ne, ita za ta zo min wanka. To aiki aka yi mata aka ciro yarinyar, ba halin tafiya, shi ya sa dutse ya tashi ya je wajen mai niƙa.

Gidan nasu a can saman wani dogon bene yake, ɗaki biyu da ɗan falo. Ba tsakar gida, ba zaure, ba inda suruki zai kauce wa surukarsa. Bawan Allah in zai gaishe ni sai ya tsaya bayan labule ya durƙusa, ƙafafunsa kawai nake gani. In muka yi kiciɓis a hanyar banɗaki, shi ya juya, ni in juya, kowa ya koma inda ya fito, banɗakin ya zauna ba kowa.

Amma ba wannan ne ya dame ni ba. Uwani ce. Na tarar da ita ta zube, wuya ya yi tsawo, idanu sun faɗa. Tun da aka sallamo ta daga asibiti abinci ya fita daga ranta. In ta kai loma baki sai ta tauna, ta tauna, ta juya kai. Nono kuwa ba ya zuwa sai an ci. Jaririya ta kama, ta ja, ta saki, ta tsala kuka. Likitarta ta riga ta faɗa wa Malam Sabi'u cewa in aka koma awo ba ta fara ci ba, za a sake kwantar da ita, a ɗora yarinyar kan madarar gwangwani.

Na yi tuwon shinkafa miyar kuka, ta ci loma biyu don kunyata. Na yi farfesun kaza, ta sha romon ta bar naman. Wata Balarabiya da ke benen ƙasa da mu, wadda kullum nake gani tana zuro kwando da igiya ta taga mai burodi ya sa mata, ta aiko da wata koriyar miya. Na ɗanɗana, ashe lalo ne, sun dai cika masa tafarnuwa. Na ji daɗin wannan kwano har raina, ni na shanye shi. Uwani ko kallo bai ishe ta ba.

Rannan da hantsi ina gasa mata jiki, na ce, "Ke kuwa, duk duniyar nan ba abin da ranki yake so?"

Ta ce, "Inna, ɗanwake. Irin wanda kike mana ranar da ba makaranta."

Da a Dutse ne mai jego ta ce ɗanwake, da tsofaffi sun yi mata ca. Ni dai na ce alhamdulillahi, tunda akwai abin da ake so. Na sa Malam Sabi'u ya tambayi likitar a waya, don mu ma a asibitinmu an sha hana mu ɗura wa masu jego kunun kanwa, an ce yana taɓa zuciya, kuma na ji, ba na gardama da masu sani. Likitar ta ce in ɗan kaɗan ne a cikin girki ba laifi, ta dai ci.

To ga gari, ga kuka, ga yaji. Ba kanwa.

Malam Sabi'u ya kawo farar hodar nan ta masu yin kek. Daga bayan labule ya ce, "Inna, an ce aikinsu ɗaya. Ai duk kanwar ja ce."

Na ce a raina, wanda ya fara yin wannan karin magana bai taɓa kwaɓa ɗanwake ba. Na dai gwada. Ya yi, ba a ce bai yi ba, ya taso saman ruwa kamar na kirki. Uwani ta kai ɗaya baki, ta ce, "Ƙanshin asibiti yake," ta ture kwanon.

Washegari ya tafi kasuwar masu kayan ƙanshi, ya kwatanta wa wani mai shago. Mai shagon ya rantse ya san ta, har ya ce daga ƙasarmu ake kawo masa, ya ƙulle a takarda ya hana a buɗe wai iska za ta ɓata ta. Da na kwance na ga abu fari garau kamar ƙanƙara, jikina ya ba ni. Na taɓa da harshe, bakina ya tattare kamar na ci ɗanyar kanya. Alimun ne, wanda muke jefawa a ruwan rijiya ya kwanta. Don kada yaron ya ce na ƙi ne kawai, na matsa lemon tsami a kai na tura masa ta ƙarƙashin labule. Na ce, "Malam, duba. Kanwa in ta ji tsami sai ta yi kumfa tana ƙara. Wannan ko motsi bai yi ba." Na ji ya yi salati a hankali, ya ce Allah ya isa, sannan ya tuna ina ji, ya ce Allah ya shirye shi.

Kwanakin nan na san kewa. In na leƙa taga ba na ganin ƙasa sai rufin motoci. Na yi kewar duwatsun garinmu da la'asar, lokacin da inuwarsu ke sauka kan gidaje. Na yi kewar awakina, har da jar nan mai cin sabulu. Na yi kewar maƙwabciyata da ke ɗago kai ta katanga ta ce, "Maman Uwani, ɗan sam min kanwa." Abin da ake bayarwa ta katanga ba a ko jiran godiya, yau shi ya gagare ni a birnin da ba abin da babu.

Ranar awo tana matsowa, sai wata safiya bayan Malam Sabi'u ya tafi makaranta na ɗaure makulli a bakin hijabina na sauka. Na ce ko bebe yana ciniki. Ina tafe ina waiwayen benenmu don kada ya ɓace min, na shiga wani layi da baƙaƙen fata suka yi yawa. Ina wucewa ta gaban wani shagon ɗinki sai na ji an ce da Hausa, "Kai, tafi can, ɗan banza!" Wani dattijo ne mai farar jallabiya yake korar kyanwa daga kan yadi. Ƙafafuna suka tsaya da kansu.

Na ce, "Sannu da aiki, Baba."

Ya saki keken, ya miƙe tsaye. Sunansa Baba Abakar. Kakansa ne ya taso daga wajen Garki da ƙafa zai tafi Makka, ya yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Shi a can aka haife shi, faɗan da ake yi ne ya koro su Masar. Hausarsa irin ta da ce, ta sha Larabci, kuma harshensa ba ya ɗaukar ƙa. Kasa yake cewa, da kofa, da karfe. Ya ba ni kujera, ya aika aka kawo shayi, ya tambayi garin kakansa ko har yanzu ana noman gero. Sai da muka gama ya ce, "To 'yar'uwa, me ya fito da ke ke kaɗai?"

Na ce, "Kanwa nake nema, Baba."

Ya ajiye kofinsa. "Kanwarki? Ɓata ta yi?"

"Ba ɓata ta yi ba. Karɓe ta aka yi a filin jirgi."

"Innalillahi! Tare kuka zo?"

"Tare, tun daga Dutse."

"Me ta yi musu?"

"Ba ta yi komai ba. Kallonta kawai suka yi, suka ce ba su yarda da ita ba, suka shige da ita ciki."

"Ke kuma kika taho kika bar ta?"

Na ce, "To ya zan yi, Baba? Ba na jin yarensu."

Ya dafe kai. Ni kuwa ina zaune ina cewa a raina, ikon Allah, ashe akwai namijin da ya san darajar kanwa haka.

Ya ce, "Kwatanta min ita."

"Fara ce, da ɗan ja-ja. 'Yar Barno ce, ungurnu."

"Ungurnu. Haka ake kiranta?"

"Haka kowa ya san ta. Tana da ɗan ɗaci, ba a cika ta. Amma in ba ita, 'yata ba za ta ci abinci ba."

"Allah sarki," in ji shi. "Ita ce mai girkin."

Kafin in ankara ya rufe shago. Ya leƙa wajen mai aski, ya leƙa wajen mai waya, yana magana da Larabci yana nuna ni, ina jin yana ta maimaita Ungurnu, Ungurnu. Mutane suka taru suna girgiza kai. Wata mata ta rungume ni. Wani ya ce yana da ɗan'uwa mai share-share a filin jirgin, wani ya tafi kiran wanda ya san lauya. Na fara tsarguwa, amma na ce wataƙila haka al'adarsu take, ba sa wasa da kayan miya. Haka aka raka ni har gidan Baba Abakar wajen matarsa Hajja Amuna, doguwar mace mai tsage a kumatu.

Ta riƙe hannuna ta ce, "Ki yi haƙuri, za a fito da ita. Shekarunta nawa?"

Na ce, "Shekarun wa?"

"Kanwarki. Tana da aure? Da takardunta a hannunta?"

"Hajiya, ai a ƙullin leda take. Cikin akwatina na sako ta, ƙarƙashin zannuwa."

Baba Abakar ya buɗe baki. A nan ne abin ya faɗo min. Malamarmu ta yaƙi da jahilci ta sha gaya mana cewa lanƙwasar da ke kan ƙa ba ado ba ce, ranar na yarda. Na ce, "Wayyo, Baba, ba ƙanwa ba! Kanwa! Ta miya! Wadda ake sa wa kuɓewa ta yi yauƙi!"

Hajja Amuna ta saki hannuna ta zauna daɓas a ƙasa. Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. "Atrun!" take cewa tana dukan cinya. "Atrun take nema, tsohon banza! Kakata haka take ce masa, kanwa. Kai da ba ka taɓa leƙa tukunya ba, ka tara min unguwa har da lauya!"

Ya ce, "To ni na sani? Ta ce fara ce 'yar Barno!"

"Da an fito da ita ai da ka ce kana so!"

Ya fita yana ƙunƙuni ya je sallamar jama'a. Daga waje muka ji dariya ta tashi kamar ana cin kasuwa. Ba banza ake ce wa kanwa uwar gami ba. Ga shi tana tsare a filin jirgi, amma ta gama ni da mutane.

Sai dai Hajja Amuna ba ta da ita. Ta ce tasu daga rijiyoyin hamadar Sudan ake kawowa, tun da hanya ta lalace ta yanke, ita ma ta daɗe ba ta ga yauƙin kirki ba. Baba Abakar, da yake yana neman hanyar wanke kansa, ya ce ai ƙasar nan ma akwai kwarin da ake kira da sunan abin, a hanyar hamada, kuma ɗan wansa yana ɗauko kayan gwari daga gonakin wajen. Malam Sabi'u ya zo har shagon ya ga mutanen, ya amince, ya ce shi zai zauna da mai jego.

Muka tafi da sassafe a motar ɗaukar kaya, ni da Hajja Amuna a gaba kusa da direba, Baba Abakar a baya cikin kwandunan tumatir, ya ce hukuncinsa ke nan. Ban taɓa shan zafi irin na ranar ba, ko bazarar Garki albarka. Iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin tanda. Ƙafafuna suka kumbura, amai ya taso min, sau biyu ana tsayawa ina sauka. Hajja Amuna ta jiƙa gefen mayafinta tana goga min a wuya tana cewa, "Yi haƙuri, saura kaɗan ki ga 'yar'uwarki."

Da muka bar kwalta, ƙasa ta fara gangarawa. Muka wuce wasu gine-gine masu katanga da aka ce gidajen ibadar Kiristoci ne tun na zamanin da. Sai ga tafki. Ruwansa ja kamar zoɓon da aka sirka, bakinsa kuwa fari fat, ya yi ɓawo yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Warin wurin ya tuna min wata fadama a bayan Jahun, inda ƙasa ke yin furfura da rani shanun Fulani su tsaya suna lasa, a yi ta kora su ƙi tafiya.

Na durƙusa na ɓamɓaro, na lasa. Gishiri. Na matsa gaba na sake. Gishiri. Gabana ya faɗi. Wani manomi da ke wucewa da jaki ya tsaya yana kallon tsofaffi uku suna lasar ƙasa. Baba Abakar ya yi masa bayani, wannan karon daidai. Mutumin ya ɗaure jakinsa ya ja mu zuwa ɗaya gefen, inda ciyayi suka tsaya, ruwa ke tsattsafowa daga ƙasa. Ya ce ruwan ne ke tahowa da kanwar ta ƙarƙashi, kwarin kuma ba mafita, sai rana ta shanye ruwan ta bar ta a kwance. Da sanyi tafkin ya cika ta narke, da zafi ta dawo. Ya ce yanzu ta yi ƙaranci, gishiri ya fi yawa, sai wanda ya san wurin. Baba Abakar ya ce shi duk ƙasashen da ya ratsa, wuraren da ake samun ta ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ni da nake ganin ta tuli a buhu a Shuwarin, ban taɓa tambayar daga ina Allah yake fito da ita ba.

Manomin ya sa fartanya ya ɗago wani ɓawo mai kauri, sama fari, ƙasa ruwan toka. Na murza da jiƙaƙƙen yatsa, na ji santsi kamar sabulu. Na lasa, ga ɗacin nan da ke zuwa bayan gishiri. Hajja Amuna ta fito da lemon tsami daga jakarta, ta gatsa, ta matsa.

Shuuu. Kumfa ta taso.

Hajja Amuna ta rangaɗa guɗa har jakin ya zabura. Na buɗe jakata zan ba manomin wani abu, ya ɗora hannu a ƙirji ya ja jakinsa. Yana tafiya ya waiwayo ya faɗi wata magana yana dariya. Na tambaya, Baba Abakar ya ce wai da wannan abin mutanen Fir'auna suke busar da gawar sarakunansu ta ƙi ruɓewa. Na kalli abin da ke hannuna. Na ce, "Baba, wannan maganar ta tsaya a kwarin nan. Kada mai jego ta ji."

Mun iso gida bayan la'asar. Ban huta ba. Na fasa ɗan ƙarami na jiƙa, na bari yashin ya kwanta, na tsiyaye ruwan sama ta cikin tsumma mai tsabta. Ina zuba shi a garin sai kwaɓin ya canja launi, ya yi wannan ɗan kore-koren, ya kama hannu yana ja. Tururin farko da ya tashi daga tukunya, na ji daga ɗaki an ce, "Inna?" Na ci gaba da aikina. Na jefa, suka nutse, suka taso. Na tsame, na soya mai da albasa, na barbaɗa yaji, na kai mata. Hajja Amuna tana zaune a gefen gado da jaririya a hannu, ta ƙi tafiya gida sai ta ga ƙarshen abin.

Uwani ta ɗauki ɗaya. Ta tauna. Ta ɗauki na biyu. Ni dai na juya ina ninke zannuwan da na riga na ninke, ina jin ƙarar cokali a kwano, ina jan salati a zuci. Ƙarar ta yi ta tafiya har ta koma ta kankarar gindin kwano.

Sai ta ce, "Inna, yajin ya yi kaɗan. Kuma kin cika mai."

Hajja Amuna ta ce, "Ji min 'yar nema! Uwarki ta je har hamada ta lashi ƙasa, abin da za ki ce ke nan?"

Na ce, "Ƙyale ta, Hajiya. Mara lafiya ba ya kushe girki."

Uwani ta miƙo kwanon ba ta ko kalle ni ba, ta ce a ƙaro, sannan ta buɗe hannu ta ce a ba ta 'yarta.